Kafin Inji Ya Buga: Yadda Ake Gano Dalilin Ƙwanƙwasa a Mota Mai Turbo

Babu maganar da mai mota ke tsoron ji daga bakin bakanike kamar a ce masa, "Alhaji, injin ya buga." Duk wanda aka faɗa wa haka ya san motarsa za ta kwana biyu a gareji, aljihunsa kuma zai ji jiki, domin ko dai a sauke injin a sake masa kayan ciki, ko kuma a nemo wani sukutum. Sai dai ba kasafai inji ke bugawa haka kwatsam ba. Galibi yakan yi kwanaki ko makonni yana kuka, a rasa mai fahimtar abin da yake faɗa.

A wannan makon za mu koyi sauraron wannan kuka, musamman a motoci masu turbo, waɗanda ke ƙara yawa a titunanmu, irin su Honda Accord ƙirar 2018 mai injin lita 1.5, da motocin Ford masu tambarin EcoBoost, da na Volkswagen masu tambarin TSI. Za mu ga cewa binciken yana farawa ne da tambaya guda: yaushe ƙarar take fitowa? Za mu kuma ga cewa amsar tana cikin darussan fizis da kemistiri da muke yi a aji.

Abin da ke faruwa a cikin silinda

Injin fetur yana aiki ne da zango huɗu, tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera injinsa a kai a 1876. A zango na farko fistan yana sauka, ya zuƙo iska da mai. A na biyu ya hau, ya matse su wuri guda. A na uku fulogi ya ƙyasta wuta, cakuɗin ya ƙone, ya ingiza fistan ƙasa da ƙarfi, kuma wannan ingizawar ce ke juya tayoyi. A na huɗu fistan ya sake hawa, ya kori hayaƙi zuwa salansa.

A lafiyayyen inji, wutar tana tasowa daga bakin fulogi ta bazu a hankali har ta cinye cakuɗin duka, kamar yadda wuta ke bin busasshiyar ciyawa daga gefe guda na gona zuwa ɗaya gefen. Amma yayin da wutar ke tafiya, tana ƙara matse sauran cakuɗin da bai ƙone ba, wanda ke maƙale a gefen silinda, tana kuma ƙara masa zafi. Idan matsin da zafin suka wuce abin da man zai iya jurewa, sai ragowar ta kama da kanta, ta fashe gaba ɗaya kafin wutar fulogi ta iso. Fashewar tana aika igiyar matsi da ke kai da komowa tsakanin bangayen silinda da gudun da ya kusa mita 1,000 a daƙiƙa, ta sa ƙarfen inji ya yi ta girgiza sau dubbai a daƙiƙa guda. Wannan girgiza ita muke ji kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Ita ce ƙwanƙwasa.

Ƙwanƙwasa kaɗan ta ɗan lokaci ba ta cika yin ɓarna ba. Wadda ta yi tsanani kuma ta daɗe tana zaizaye saman fistan, ta karya zobbansa, ta ƙona gaskit, ta kuma gajiyar da ƙarafan da ke ƙasa.

Me turbo ya ƙara a cikin lamarin?

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar fasahar turbo a 1905. Dabarar ita ce a yi amfani da hayaƙin da ake zubarwa. Hayaƙin yana juya wata 'yar fanka, ita kuma tana haɗe da wata fankar ta sanda guda, wadda ke tura iska cikin inji da ƙarfi. Fankokin kan yi juyi sama da 150,000 a minti ɗaya. Ƙarin iska yana ba da damar ƙona ƙarin mai, shi ya sa ƙaramin inji mai turbo ke ja kamar babba.

Duk wanda ya taɓa ba keke iska ya san famfon yana ɗaukar zafi a hannu. Dokar iskar gas ke nan: matse iska yana ɗaga zafinta. To turbo yana matse iskar tun kafin ta shiga silinda, sannan fistan ya sake matse ta. Wato cakuɗin yana fara tafiyarsa da matsi da zafin da suka fi na inji marar turbo, don haka ya fi kusa da iyakar da zai fashe da kansa. Saboda wannan ne ake sanya wata na'ura mai kama da lagireto tsakanin turbo da inji, wadda makanikai ke kira intakula, domin ta sanyaya iskar.

Matsalar ta daɗe tana damun masu ƙera motoci. A 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da Oldsmobile Jetfire, ɗaya daga cikin motocin farko masu turbo da aka sayar wa jama'a. Don hana ƙwanƙwasa, an yi mata wani ɗan tanki na ruwa gauraye da sinadarin metanol, ana fesa shi cikin inji don sanyaya wuta. Masu motar da yawa suka riƙa mantawa da cika tankin, kuma bayan 1963 aka daina ƙera ta.

Lambar okten

Ba kowane fetur ke jure matsi daidai da ɗan'uwansa ba. Ma'aunin juriyar shi ake kira lambar okten, wanda wani masanin kemistiri Ba'amurke, Graham Edgar, ya kafa tushensa a shekarun 1920. Ya ɗauki sinadarai biyu: aiso-okten mai tsananin juriya, aka ba shi 100, da heften mai saurin fashewa, aka ba shi 0. Fetur mai lamba 95 shi ne wanda juriyarsa ta yi daidai da ta cakuɗin kashi 95 na aiso-okten da kashi 5 na heften. Mu lura, lambar ba ta nufin man ya fi ƙarfi. Juriya kawai take aunawa.

Neman wannan juriya ya taɓa jefa duniya cikin bala'i. A 1921 Thomas Midgley ya gano cewa zuba wani sinadarin dalma a fetur yana kashe ƙwanƙwasa. Aka shafe shekaru da dama motoci na fesa dalma a iska, irin gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinare. Sai a 2021 aka daina sayar da fetur mai dalma ga motoci a duniya baki ɗaya, bayan Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta ƙarar da nata.

Akwai wani abin lura ga motocin da aka shigo da su. Amurka da Turai ba ma'auni ɗaya suke rubutawa ba. Lamba 91 a famfon Amurka ta yi kusan daidai da 95 a ma'aunin RON da Turai ke amfani da shi. Motoci masu turbo da yawa suna neman mai babbar lamba, kuma akan rubuta abin da mota ke so a cikin murfin tanki ko a littafinta. A yawancin gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya ake sayarwa, ba a ma rubuta lambarsa a jikin famfo. Idan kuma aka yi rashin sa'a aka sayi wanda wani marar tsoron Allah ya gauraya da kananzir, lambar ta ƙara faɗuwa, domin juriyar kananzir ba ta kai ta fetur ba ko kusa.

Tambayar farko: yaushe ƙarar ke fitowa?

Ƙarar da mutane ke kira ƙwanƙwasa gida biyu ce. Akwai ta wuta, wadda muka bayyana a sama. Akwai kuma ta ƙarfe, inda wani abu ya cinye ko ya saki, yake dukan ɗan'uwansa. Maganinsu ya sha bamban, kuma kuskure a nan yana da tsada. Wanda ya ɗauki ƙwanƙwasar wuta a matsayin ta ƙarfe zai sa a sauke lafiyayyen inji a banza. Wanda ya ɗauki ta ƙarfe a matsayin ta wuta zai yi ta sauya gidan mai har ranar da injin zai tsaya masa a tsakiyar hanya.

Ƙwanƙwasar wuta siririya ce, mai kaifi, kuma tana zuwa ne idan inji na shan wahala: an taka totur da ƙarfi, ana hawan tudu, an yi lodi, ko rana ta take. Da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta ɗauke. Ba a jin ta idan mota na tsaye inji na aiki a hankali.

Ta ƙarfe kuwa tana bin juyin inji, kuma kowace iri da alamarta. Idan ƙarar mai nauyi ce, daga can ƙasan inji, kamar ana buga guduma a kan turmi, tana ƙaruwa idan inji ya yi zafi, to abin zargi shi ne siraran faifan nan da makanikai ke kira metal, waɗanda ke tsakanin karanshaf da sandar fistan. Baƙin mai ne ke raba su da ƙarfen da suke zagayawa, idan ya yi ƙaranci ko ya tsinke sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Wannan ita ce mafi haɗari, ita ce kuma hanyar da ta fi kai inji ga bugawa.

Idan ƙarar tana fitowa da safe inji na sanyi, sannan ta lafa bayan 'yan mintuna, yawanci fistan ne ke ɗan kaɗawa a cikin silinda. Da ya ɗauki zafi ya buɗe, sai ya cike gurbin. Darasin buɗewar ƙarfe da zafi ke nan da muka karanta a fizis. Tsagewa ko yoyo a bututun hayaƙin da ke manne da inji shi ma yakan yi irin wannan hali.

Idan ƙarar 'yar ƙas-ƙas ce daga saman inji, bawul ake dubawa. Sandar da ke buɗe bawul tana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf, saboda haka ƙarar bawul tana tafiya da rabin saurin inji. Sai dai a yi hattara: injinan zamani masu fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da nozul da famfon mai masu yin ƙas-ƙas ko da lafiyarsu ƙalau. Injin dizal ma ƙararsa halittarsa ce, tunda matsi ne ke kunna masa wuta, ba fulogi ba.

Shi kansa turbo yana da nasa kukan. Akwai wata 'yar ƙofa a jikinsa da ke barar da hayaƙi idan matsi ya isa, kuma idan sandarta ta saki takan yi kacau-kacau, musamman lokacin da aka saki totur. Idan kuwa sandar fankokin ce ta cinye, ana jin kuka kamar jiniya, sau da yawa tare da shuɗin hayaƙi a salansa.

Matakan bincike

Ƙwararren bakanike yana farawa da abin da ya fi sauƙi da arha. Da farko yana tambayar direba: yaushe ƙarar ta fara? A ina aka sha mai na ƙarshe? Yaushe aka yi juyen baƙin mai, kuma wane iri aka zuba? Motar ta taɓa yin zafi har allura ta hau? Ƙarar da ta fara washegarin shan mai a bakin hanya ta riga ta nuna inda za a dosa.

Na biyu, ya zaro sandar awon baƙin mai. Yana duba yawansa, sannan ya murza shi a yatsa a cikin hasken rana. Idan ya ga ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin ƙarfe, metal ya fara cinyewa. Daga nan sai a auna ƙarfin matsin man da agogon awo.

Na uku, ya nemo inda ƙarar take. Akan ɗora bakin doguwar sukundireba a sassan inji daban-daban, a kara mariƙinta a kunne, domin sauti ya fi tafiya sosai a cikin ƙarfe fiye da iska. Haka kuma akan kashe silinda ɗaya bayan ɗaya ta hanyar cire wayar nozul ɗinta. Idan ƙarar mai nauyi ta ragu da aka kashe silinda ta uku, to ciwon yana ƙarƙashin ta uku. A nan muna jan kunne: wannan aikin manya ne. Bel da fanka suna fizge hannun riga ko bakin mayafi cikin ƙiftawar ido, fankar lantarki tana iya tashi da kanta ko an kashe mota, jikin turbo kuma yana zafin ɗaruruwan digiri.

Na huɗu, ya tambayi kwamfutar motar, wadda a gareji ake kira birenbos. A jikin injin zamani akwai wani ɗan kunne da aka ɗaure da noti, mai ɗauke da wani abu da ke fitar da lantarki idan aka girgiza shi. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan ɗabi'a a 1880. Da kunnen ya ji ƙwanƙwasa sai ya sanar da kwamfuta, ita kuma ta jinkirta ƙyastawar fulogi, wani lokaci ta rage matsin turbo. Kamfanin Saab na Suwidin yana cikin waɗanda suka fara haɗa wannan kunne da turbo a farkon shekarun 1980. Wannan ya sa a motar zamani direba kan iya rasa jin ƙarar sam, sai dai ya ga mota ta yi nauyi, tana kuma shan mai fiye da da. Rashin ƙarfin nan shi ma kuka ne.

Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar karanta matsala. Lamba P0325 tana nufin layin kunnen ƙwanƙwasa ya samu matsala. P0171 tana nufin iska ta yi wa mai yawa. P0234 tana nufin matsin turbo ya wuce ƙa'ida. Na'urar tana kuma nuna zafin iskar da ke shiga inji da yawan jinkirin da kwamfuta ke yi wa wuta yayin da ake tafiya. Lambar dai manuniya ce kawai. P0325 ba ta ce a sayi sabon kunne ba, mai yiwuwa ɓera ne ya ci waya.

Na biyar, ya kwance fulogi ya karanta fuskarsa. Farin tangaran da ya tsage, ko ɗige-ɗige kamar an barbaɗa barkono, ko baki da ya narke, duk shaidar ƙwanƙwasa ce mai tsanani. Ta ramin fulogin ake auna matsin kowace silinda, a kuma zura 'yar kyamara a ga saman fistan.

Masu laifin da aka fi kamawa

Idan bincike ya nuna ƙwanƙwasar wuta ce, dalilanta sanannu ne, kuma dukkansu suna komawa ga zafi, ko matsi, ko raunin mai. Akwai fetur mai ƙaramar lamba. Akwai intakula da ƙurar hunturu da ƙwari suka toshe wa fuska. Akwai ƙarancin mai saboda famfo ya gaji ko nozul ya toshe: fetur yana ƙonewa daidai ne idan aka haɗa giram 14.7 na iska da giram 1 na mai, kuma a lokacin da turbo ke aiki sosai kwamfuta kan ƙara mai fiye da haka don ya sanyaya silinda. Akwai baƙin gawayin da ke taruwa a saman fistan, wanda ke rage fili ya kuma riƙe zafi. Akwai fulogin da ba na motar ba. Akwai ƙofar turbo da ta maƙale a rufe. Akwai kuma lagireto marar ruwa ko fankar da ta mutu. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙaramar matsala daga cikin waɗannan ta isa ta tayar da ƙara.

Akwai wani nau'i da ya fi duka muni, wanda ya addabi ƙananan injina masu turbo da ke fesa mai kai tsaye. Yana faruwa ne idan inji na juyi a hankali, mota na babbar giya, sai direba ya danne totur. Wani ɗigon baƙin mai ko ɓarɓashin gawayi mai zafi sai ya kunna wuta tun kafin fulogi ya ƙyasta, fistan na kan hawa wuta na danno shi. Bugu ɗaya irin wannan yana iya fasa fistan. Bincike ya nuna cewa sinadaran da ke cikin baƙin mai suna da hannu a ciki, shi ya sa aka fito da ma'aunin API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Mai irin wannan mota ya duba waɗannan haruffa a jikin galan kafin ya saya.

Abin da za mu iya faɗa a gida

Ko ba mu fara tuƙi ba, muna iya yi wa iyaye da yayye tuni. Idan ƙarar siririya ce mai zuwa da taka totur, a sassauta ƙafa, a sauko da giya, a nufi gareji ba tare da gudu ba. Idan mai nauyi ce daga ƙasa, ko jar fitilar baƙin mai ta kama, a faka a kashe inji nan take, a nemo abin da zai ja motar. Kuɗin janwe bai kai kuɗin inji ba. Bayan doguwar tafiya, a bar inji ya yi aiki a tsaye na minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, domin baƙin mai ya kwashe zafin turbo. A kuma riƙa juye a kan lokaci. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Ga masu sha'awar wannan fanni a cikinmu, maza da mata, sana'ar gyaran mota ta sauya. Bakaniken gobe sai ya iya sifana, ya iya karanta alƙaluma, ya kuma san dalilin da ya sa iska ke zafi idan an matse ta. Kwalejojin fasaha da sassan injiniyanci na jami'o'inmu suna jiran masu irin wannan basira.

Gwada ƙwaƙwalwarka

Inji mai silinda huɗu yana juyi 3,000 a minti ɗaya. Kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya a duk juyi biyu. Sau nawa fulogi guda ke ƙyastawa a daƙiƙa ɗaya? Sau nawa kuma wuta ke tashi a injin gaba ɗaya a cikin wannan daƙiƙar? Ku lissafa, ku gwada amsarku da ta abokan ajinku, sannan ku kai wa malamin fizis ya raba gardama.